Za mu gina wa ƙaramar hukuma manhaja, ta ina za mu fara?

Wani matashi ne ya aiko da tambaya: "Malam, ni da abokaina biyu kimiyyar kwamfuta muka karanta, an ce mu kawo tsarin manhajar da za ta riƙe bayanan wata ƙaramar hukuma a jiharmu, wato kuɗin shiga na kasuwa da tasha, takardar shaidar ɗan asali, da rajistar masu karɓar tallafi. Rubuta manhajar ba matsala ba ce a wajenmu. Amma wani malaminmu ya ce in ba mu yi la'akari da yanayin al'umma ba aikin banza za mu yi. Me hakan yake nufi a aikace?"

To ƙanena, malamin nan naku gaskiya ya gaya muku, kawai dai a dunƙule ya faɗa. Ni na daɗe ina shiga ina fita a sakatariyoyin ƙananan hukumomi kan irin wannan aikin, bari in warware maka yadda nake ganinsa, in ta yi tsawo ka yi haƙuri.

Ka fara cire wa ranka cewa ƙaramar hukuma ba ta da tsarin bayanai wai ku ne za ku kawo mata. Tana da shi tun kafin a haifi kakanka. Tun zamanin En'e mai unguwa ya san gida nawa ne a unguwarsa, magidanci nawa, wa ya sauki baƙo, wa ya tashi ya bar gari, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin haraji ya zauna ya rubuta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke mulki daga hannun sarauta ya ba majalisar ƙaramar hukuma, amma sanin mutane bai bi mulkin zuwa sakatariya ba, yana nan a zauren mai unguwa har gobe. Haka a cikin ofis ɗin kansa, akwai wani dattijo a rajistiri da ya san inda kowane fayil yake ko da ɓera ya cinye lambar, akwai akawun da ke riƙe da wani littafi nasa na kansa wanda ya fi na hukuma daidai, akwai guruf ɗin WhatsApp na shugabannin sassa wanda a nan ne ainihin sanarwa take fita. Duk wannan yana aiki, kuma kowane lungu a cikinsa akwai wanda yake cin abinci da shi ko yake samun girma da shi. Cikin wannan manhajarku za ta faɗo, kuma mutanen nan ne za su yanke hukuncin ko za ta rayu.

Ɗauki takardar shaidar ɗan asali tunda ka ambace ta. Yaro ya samu gurbin karatu ko zai shiga soja an ce ya kawo. A yawancin wurarenmu da mai unguwa zai fara, shi ya ce e na san shi, ɗan wane ne jikan wane, ya rubuta 'yar takarda ko ya haɗa shi da wani zuwa wajen dagaci, a buga hatimi, a wuce fadar hakimi, sannan a zo sakatariya a biya kuɗi a jira sa hannu. Matashi mai kwamfuta in ya ga haka sai ya ce ai wannan ɓata lokaci ne, a yi fom a intanet mutum ya sa lambar NIN ɗinsa ya biya da kati shikenan. To amma garin asalin da ke cikin NIN ai abin da mutum ya faɗa da bakinsa ranar rajista ne aka rubuta. Abin da ke ba takardar nan daraja shi ne akwai mai rawani da ya sa sunansa a kai, wanda in ta ɓaci shi za a kira. In ka cire shi daga manhaja ba zai fita daga aikin ba, ma'aikaci ne kawai zai ce wa yaron to ka cika na intanet, saura ka je ka kawo takardar hakimi, ka ga kun ɗora masa wahala kan wahala kenan. Gara tun farko ka zana hanyar da su a ciki, sakataren hakimi ya samu wayar da zai riƙa tabbatarwa, ko a bar takardar hatimin yadda take a ɗauki hotonta a liƙa a bayanan mutum, a ba satifiket ɗin lamba ta yadda wanda aka miƙa masa a Abuja ko Legas zai duba ya ga na gaske ne. Jabu ce babbar cutar takardar nan, kuma nan ne kwamfuta take da abin yi.

Kar ka ɗauka ina cewa duk abin da aka tarar mai kyau ne fa. Ita wannan hanyar ce dai take hana mutumin da aka haifi ubansa a garin takarda wai kakansa baƙo ne, alhali mai uwa a gindin murhu da bai taɓa kwana a garin ba ya karɓa cikin awa ɗaya. Rigimar ɗan asali da baƙo ta fi ƙarfin manhaja, ba ku za ku kashe ta ba. Abin da ke hannunku shi ne ku sa manhajar ta ƙi yarda a ƙi mutum sai an rubuta dalili, da sunan wanda ya ƙi, da rana. Ɗan wannan gurbin za ku ga yadda za a yi ta jayayya da ku a kansa, kuma yawan jayayyar ita za ta nuna muku amfaninsa.

Masana sun jima da gano wannan. Akwai wani farfesa a jami'ar Manchester ta Ingila, Richard Heeks, a 2003 ya yi ƙiyasin cewa cikin ayyukan sa gwamnati a kwamfuta a ƙasashe masu tasowa kashi 35 cikin 100 sun mutu murus, kashi 50 sun yi rabi da rabi, kashi 15 ne kawai suka yi nasara. Ƙiyasi ne kuma ya tsufa, amma dalilin da ya bayar bai tsufa ba: tazarar da ke tsakanin duniyar da mai zana manhaja ya ƙaddara a kansa da duniyar da ke ƙasa, ta fuskar bayanai, kayan aiki, yadda ake gudanar da aiki, manufar mutane, ƙwarewar ma'aikata, shugabanci, da kuɗi. Gwargwadon faɗin tazarar gwargwadon saurin mutuwar aikin.

Yanzu mu zo kan kuɗin shiga, nan ne gizo yake saƙar. Tsarin mulkin 1999 a jadawali na huɗu ya ba ƙananan hukumomi kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da sauransu. Kafin ku rubuta layi ɗaya ku duba dokar jiharku, don wasu jihohin sun karɓe tattara kuɗin, a Kaduna misali tun dokar haraji ta 2016 hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ce ke karɓa kuma an hana karɓar kuɗi hannu da hannu. Kar ku gina wa ciyaman abin da doka ba ta bar masa ba.

Sannan ka je kara ranar kasuwa ka tsaya da ƙafarka, irin Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis. Za ka ga ba mai saye da mai sayarwa ne kaɗai ba, dillali ne a tsakiya, shi ya san saniyar ba ta sata ba ce, shi ke karɓar la'ada, shi za a nema in rigima ta taso bayan wata biyu. Ga ƙura, ga rana da ba ta barin ka ga fuskar waya, ga mutane sun yi yawa sabis ya cushe, ga ɗan kasuwa ana loda masa shanu a tirela zai kama hanyar kudu kafin la'asar. Wannan mutumin ba zai tsaya yana kallon na'urarka tana juyawa tana neman sabis ba, zai miƙa kuɗi ya wuce, da rasit ko babu. Kuma rasit ɗin 'yar na'urar POS, irin takardar nan mai santsi, in ta sha rana a gaban mota kwana biyu rubutun ya goge, direba ya je shingen gaba a ce bai biya ba. Irin waɗannan ba za ka gan su daga ɗakinku ba.

A wata ƙaramar hukumar da ba sai na kama suna ba an raba wa masu yankan rasit na'urori, ciyaman ya zo aka yi hotuna. Ba a jima ba wannan ya ce tasa ta faɗa ruwa, wancan ya ce batir ya kumbura, wani ya ce yaro ya ɗauka, aka koma bandir ɗin takarda kamar ba a yi ba. Saurin cewa ɓarayi ne ba zai fisshe ka ba. Ka tambaya tukunna, shi mai yankan rasit ɗin nawa ne albashinsa? Sau da yawa za ka tarar ma'aikacin wucin gadi ne da ya yi watanni ba a biya shi ba, ko yaron kansila ne da aka ba wurin a matsayin sallama bayan zaɓe, ko kuma kasuwar ce gaba ɗaya aka ba wani ya riƙa kawo kaza duk sati abin da ya haura nasa ne. Kuma abin da ya rage ɗin ba shi kaɗai yake ci ba, yana hawa sama. Wato manhajarka ta zo rufe wa layin mutane guda bakin tukunya, kuma a hannun na ƙasan cikinsu ka damƙa na'urar. Shi ya sa tambayar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce wa zai yi asara in abin nan ya yi aiki, kuma me za a ba shi a madadi. Ni abin da nake ba da shawara shi ne a amince da kamasho a rubuce, manhaja ta lissafa, mai yankan rasit ya ji alat a wayarsa a ranar kafin ya isa gida. A zauna da sarkin kasuwa, sarkin pawa, shugaban dillalai da 'yan ƙungiyar direbobi tun kafin a fara, ba ranar ƙaddamarwa a kira su cika kujeru ba. A kafa allo a ƙofar kasuwa a riƙa rubuta abin da aka tara duk sati, kuma a roƙi ciyaman ya yi wani abu da ido zai gani da kuɗin, ko da gyaran fanfo ne ko kwashe shara. In ciyaman ɗin kansa ba ya son a san adadin, to wallahi gara ku sani tun yau, ku ajiye ɓangaren kuɗin shiga ku kama wani.

Akwai kuma tarihin da ke zaune a zukatan mutane game da ƙirga. Shekara da shekaru duk wanda ya zo da littafi yana tambayar mutum nawa ne a gidan nan, shanu nawa ne a garken nan, haraji da jangali ne ke biye da shi. Sai a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su, amma tsoron bai tafi ba, makiyayi har yau ba zai gaya wa baƙo adadin shanunsa ba, kuma da yawa cikin iyaye ba sa son ƙirga 'ya'yansu a gaban mutane. In kuwa aka ji tallafi ne, gidan mutum shida sai ya zama na goma sha biyar. Mutum ɗaya, tambaya ɗaya, amsa biyu, ya danganta da abin da ya zata za a yi da amsar. Don haka kar ku haɗa rajistar tallafi da ta haraji a hannun ma'aikaci ɗaya ko a fita ɗaya, kuma a faɗa wa mutane a fili, ta bakin wanda suka yarda da shi, liman ko mai unguwa ko rediyo, me za a yi da bayanan.

To ga fom ɗin kansa. Yawancinku kwafo tsarin Turawa kuke yi, sunan farko, sunan dangi, ranar haihuwa, lambar gida da titi, lambar waya, imel, kowanne da jan tauraro wai dole. Mu ba mu da sunan dangi irin nasu, sunan uba ne, wani ya sa na kaka, wani ya sa na gari kamar yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari, mace ta yi aure wani ofis ya rubuta ta da sunan miji wani da na uba. Muhammad ɗaya zai fito maka a Mohammed, Muhammadu, Mamman, ga sunan yanka daban ga wanda kowa ya sani daban, ka je unguwa kana neman Abdullahi ba wanda ya san shi sai ka ce Ɗanjuma. Saboda haka ku ba da gurbin laƙabi, da sunan uba da na kaka, da sunan maigidan da ake kiran gidan da shi, kuma binciken suna ya zama mai sassauci, wanda ya rubuta Dambatta da wanda ya rubuta Danbatta su tarar da abu ɗaya, haka mai rubuta ɗ da ƙ da ɓ da wanda wayarsa ba ta da su. Ranar haihuwa in ka tilasta, rabin dattawan garin 1 ga Janairu za su zama, gara ka yarda da shekara kawai ka sa alamar cewa ƙiyasi ne. Adireshi kuwa kwatance ne, bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai unguwa, ku bar wa kwatance fili ku haɗa da alamar GPS. Lambar waya kar ku kuskura ku mai da ita abin da ke bambance mutum, gida guda mata uku da tsohuwa duk lambar maigida za su bayar, wata kuma ta mai cajin bakin layi. Shirin takin zamani ta waya da aka fara a 2012 lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma ya gamu da wannan, manomi na da suna a rajista amma saƙon ya tafi wayar da ba tasa ba ko ƙauyen da ba sabis.

Sai alkunya. Ka aika saurayi ya tambayi uwa sunan ɗanta na fari, ko ya tambayi mace sunan mijinta a gaban surukarta, za ta yi shiru ne ko ta kira yarinya ta faɗa. Kuma shi saurayin ma ba zai wuce zaure ba, an rubuta ba shiga. Duk rajistar da ta shafi mata da yara in ba mata ne suka shiga da wayar ba, abin da maigida ya ga dama ya faɗa a ƙofar gida shi za ku samu, kuma zawarawa da marayun da aka yi tallafin dominsu su ne za su faɗi a ƙasa. Haka jariri, sai ranar bakwai yake samun suna, in manhaja ba ta buɗe masa shafi ba suna to ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti za ta ce sai bayan suna, daga nan an rasa shi. Ko da yake kan haihuwa ku yi hattara, tsarin mulki ya ambaci ƙananan hukumomi amma dokar 1992 ta ba Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa da mutuwa, kuma a ƙarshen 2023 an ƙaddamar da tsarinta na kwamfuta, ku jingina da nasu kar ku gina kishiya.

Taswirar mulki ma ba a tsaye take ba. Mazaɓun INEC daban, Kano kaɗai 484 ne a ƙananan hukumomi 44, gundumomin hakimai daban, kuma ba kullum iyakokinsu ke haɗuwa ba. A 2019 an raba masarautar Kano gida biyar, a Mayun 2024 aka soke dokar. Wanda ya kafe wannan tsarin a cikin ƙashin manhajarsa sai ya sake gini sau biyu. Ƙauyuka na tashi saboda 'yan bindiga, ruga na ƙaura da rani. Masu aikin rigakafin shan inna sun koyi wannan da wuya, taswirar hannu da ma'aikata ke zanawa ta bar ƙananan ƙauyuka da rugage da yawa, sai da aka kawo hotunan tauraron ɗan adam aka kuma sa wayoyi masu GPS a akwatunan rigakafi aka ga inda ake zuwa da inda ba a zuwa. Amma ka lura, na'urar ta yi amfani ne bayan an gyara alaƙa da jama'a, bayan ƙaurace wa rigakafin da aka yi a 2003, da shigowar sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi a 2009, har masu unguwanni suka riƙa rubuta jarirai. Su biyun tare suka kai ga shaidar kawar da cutar a 2020.

Maganar wuta da sabis ba sai na ja ba, ka sani. Abu ɗaya zan tuna maka, a Satumbar 2021 an kashe layukan waya gaba ɗaya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda tsaro, aka shafe makonni. Duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet ta kwanta a lokacin. Ku gina ta tana aiki a kan waya mai arha ba sabis, ta tura in ta samu, kuma kar ku ji kunyar amfani da ODK ko KoboToolbox, manhajojin tattara bayanai a waya da ake da su tuni, maimakon ƙirƙiro naku. Sola ta fi janareta, don kuɗin mai shi ne farkon abin da ake yankewa. Takarda kuma ba za ta mutu ba, odita hatimi da sa hannu yake nema, ku bar ta ta zauna tare da kwamfutar, lamba ɗaya a kan duka biyun.

Wani abin da nake so ka duba shi ne DHIS2 da ake tattara bayanan lafiya da shi a Najeriya. Manhaja ce mai kyau, jami'ar Oslo ce ke jagorantarta kuma asalinta daga Afirka ta Kudu ne, an gina ta ne don hukumomin gunduma su yi amfani da bayanansu da kansu. Amma je ƙaramin asibitin ƙauye ƙarshen wata ka ga ma'aikaci ɗaya da tulin rajista yana cika fom zai kai wa jami'in tattara bayanai a sakatariya, alƙaluman su hau jiha su hau Abuja, shi kuma ba abin da ke dawo masa, ba magani ba ƙarin ma'aikaci ba ko sannu. Mutumin da ya san ba mai dawo masa da komai, in dare ya yi zai cike guraben da abin da ya yi kama da na watan jiya. Saboda haka kowane mutum da za ku ɗora wa shigar da bayani, ku tambayi kanku me shi zai samu a ranar. Akawu ya samu rahoton watan da yake kwana yana haɗawa ya fito da kansa, mai unguwa ya samu takardar sunayen mutanensa a buge ya riƙe. Allon nan mai launi-launi da kuke kira dashbod na ofishin ciyaman shi ne na ƙarshe a muhimmanci, ko da yake na san shi ke sa a sa hannu a kwangila.

Kan harshe, kar ku zauna ku fassara komai da Hausar da ba wanda yake yi. Ma'aikacin sakatariya da Turanci ya saba ganin fom ɗinsa, in ka canja masa kalmomin aikinsa rikicewa zai yi. Inda jama'a ke taɓawa ne ake buƙatar Hausa, saƙon tes, rasit, da murya musamman, tunda akwai dattawa da yawa da ke karanta ajami sarai amma boko bai zauna ba, kuma kowa ya iya sauraron saƙon murya.

Sirrin bayanai kuma a wajenmu maganar rai ce. Akwai dokar kare bayanai ta 2023 da hukumarta, ku karanta, amma ko ba doka, ka yi tunanin jerin sunayen waɗanda suka karɓi kuɗi jiya, ko na masu shanu da adadinsu da alamar GPS ɗin gidajensu, ya faɗa hannun infoma a yankin da ake satar mutane. Ka kuma yi tunanin rajistar talakawa ta zama rajistar 'yan jam'iyya gab da zaɓe. Abin da ba ku buƙata kar ku tambaya, kowa ya ga iya abin da ya shafi aikinsa, kuma duk wanda ya ƙara suna ko ya goge manhaja ta riƙe sawunsa ta yadda ko ku ba za ku iya sharewa ba.

Ciyaman da ya kira ku ba zai daɗe ba, wa'adi zai ƙare ko a rushe a kawo kantoma, kuma sabon zuwa ba ya son abin da ke ɗauke da hoton na baya, don haka kar ku sa hoton kowa ko launin jam'iyya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, amma ku bincika a jiharku wa ke sa hannu a biya a zahiri, sau da yawa sai ma'aikatar ƙananan hukumomi ta yarda. Ma'aikatan ma daga mataki na 07 zuwa sama hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ce ke juya su, yaron da kuka horar ya ƙware ana iya yi masa tiransifa gobe ya tafi da kalmar sirri a kansa. Ku horar da mutum uku a kowane gurbi, ku haɗa dattijon rajistiri da matashi mai saurin hannu a tebur ɗaya maimakon ku ture shi, ya fi ku sanin inda kura take kwana.

In ni ne ku, cikin ayyuka ukun nan da ka lissafa ɗaya zan ɗauka, kuma takardar ɗan asali zan fara da ita, don masu asara a cikinta ba su kai na kasuwa yawa ba kuma jama'a za su ga sauƙin da wuri. Ku samu benci a sakatariya ku zauna, ku bi takarda ɗaya da ƙafa daga zauren mai unguwa har ta fito da sa hannu, ku rubuta hannu nawa ta bi, ina ta kwana, nawa aka kashe na fili da na ɓoye. Ku gwada a gundumar hakimi ɗaya tukunna. A takardar kwangila kuma ku tabbata an rubuta cewa bayanan mallakar ƙaramar hukuma ne kuma za a iya fitar da su a Excel kowane lokaci, an rubuta wa zai biya kuɗin saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan, da data da gyara bayan shekarar farko kuma daga wane layi na kasafin kuɗi, sannan kalmar sirri ta babban mai kula a ajiye ta a rubuce cikin ambulan a ofishin ma'aji da na shugaban ma'aikata. Kuɗinku kuma ku karɓa kashi-kashi, kaso mai tsoka tun kafin ku fara.